Yadda ake tsara allon sa ido kan motoci marasa direba a sito

Motar da ba ta da direba tana iya ɗaukar falet, wato katakon da ake jera kaya a kai, mai buhunan riɗi ko shinkafa daga bakin ƙofa ta kai layin da aka ce mata, ta dawo ta ɗauki wani. Abin da ba ta iyawa shi ne ɗauke buhun da ya faɗo a hanya, ko goge ƙurar da ta rufe mata ido. Wannan aikin mutum ne, kuma allon da ke gabansa ne zai gaya masa wace mota ce ke nemansa, a ina take, me zai yi mata. Allon da bai amsa waɗannan tambayoyi uku cikin daƙiƙa biyar ba, ko ya fi amarya kwalliya bai yi aiki ba.

Za mu ɗauki misalin sito mai tsawon mita 60 da faɗin mita 30, motoci shida, ƙofofin lodi biyu da wurin caji biyu, a gari irin na kewayen Maigatari, Haɗeja ko Dawanau, inda wuta ke zuwa ta ɗauke, hazo ke cika iska, intanet kuma ba abin dogaro ba ce. Motoci marasa direba iri biyu ne. Wadda ake kira AGV tana bin layin maganaɗisu ko alamomin da aka manna a ƙasa, idan an tare ta sai ta tsaya. Wadda ake kira AMR tana auna bango da ginshiƙai da hasken lesa, tana iya kewaye abin da ya tare ta, amma tana iya ɓata, wato ta kasa gane inda take. Ka san wadda kake da ita tun farko, domin matsalolinsu ba ɗaya ba ne.

Kayan aiki

- Zanen siton da awonsa. In babu, tef ɗin awo na mita 50 da mutum biyu sun isa.
- Takardun kamfanin da ya ƙera motocin, musamman jerin bayanan da mota ke turowa da jerin lambobin matsala.
- Manyan takardu, fensir da maka kala huɗu.
- Manhajar zane, Figma ko Penpot. Penpot kyauta ce, kuma ana iya ɗora ta a kwamfutar gida.
- Ƙaramar kwamfuta da za ta zauna a cikin siton, da manhajar Mosquitto don karɓar saƙonnin motoci, da manhajar Node-RED don gwajin farko.
- Allon tebur mai inci 24, allon bango mai inci 43 zuwa 55, da kwamfutar hannu mai inci 10 ga wanda ke zagayawa.
- Inbata da batir da za su riƙe kwamfutar, allon tebur da akwatunan waifai aƙalla awa biyu.
- Fitilar gargaɗi mai hawa uku da lasifika.
- Salon rubutu mai ƙ, ɗ da ɓ, irin Noto Sans ko Andika.
- Mutum uku da za ka riƙa tambaya: mai kula da motocin, shugaban 'yan dako, da makanikin da ke gyara su.

In kuɗi bai kai ba, allon bango ne za a fara haƙura da shi. Batirin kuwa ba a haƙura da shi.

1. Yi kwana uku a siton kafin ka zana komai

Ka zaɓi kwanakin yadda ɗaya zai faɗo a ranar da kaya suka fi shigowa, kamar ranar kasuwa ko washegarinta. Ka rubuta lokacin da tireloli ke zuwa, inda 'yan dako ke tsallake hanyar motoci, inda ake jibge tamfol da buhunan da suka yage, da lokutan da mutane ke fita gaba ɗaya, wato azahar, la'asar da Juma'a. Ka lura ko mai kulan yana zama a tebur ne, ko rabin yininsa a bakin tirela yake. In a tsaye yake yini, kwamfutar hannu ce babban allonka, da ita za ka fara.

Ka kuma rubuta sunayen da ma'aikata ke kiran wurare da su: ƙofar gabas, wajen sikeli, layin zoborodo, bayan injin shara. Su za ka sa a allo. Kamfanin motar zai ba ka sunaye irin N-014, wanda ba wanda zai iya ƙwala wa abokin aikinsa kira da shi.

2. Gano abin da motar ke faɗa, da sau nawa take faɗarsa

Sababbin motoci da dama suna iya magana da ƙa'idar VDA 5050, wadda ƙungiyoyin masana'antun Jamus suka fitar a 2019, aka sabunta ta a 2022. Tana tura saƙonni ta MQTT, hanyar aika saƙo tsakanin na'urori da Mosquitto ke aiki da ita. Uku daga cikinsu ne suka fi shafar allonka. Saƙon yanayi yana ɗauke da cajin batir, ko tana tafiya, ko tana ɗauke da kaya, ko an danna mata tsayawar gaggawa, ko wani abu ya shiga filin kariyarta, da jerin matsaloli, kowace da matakinta: gargaɗi ne kawai ko mai tsayar da aiki. Ana turo shi duk lokacin da wani abu ya canza, in kuma ba abin da ya canza, aƙalla sau ɗaya a daƙiƙa 30. Saƙon wuri yana zuwa akai-akai don motsa hoton mota a taswira. Saƙon haɗi kuwa yana faɗin ko tana kan layi, ko ta fita da kanta, ko haɗin ya yanke ba shiri.

Ka haɗa kwamfutarka, ka naɗi saƙonnin yini guda cur a fayil. Da shi za ka yi duk gwajin da ke gaba ba tare da ka taɓa mota ba. Ka duba abu biyu a ciki. Lokacin da ke kan saƙon na agogon duniya ne, wato UTC, Najeriya kuma tana gabansa da awa ɗaya, in ba ka gyara ba allo zai ce mota ta tsaya ƙarfe 2 alhali ƙarfe 3 ne. Sannan ka daidaita agogon motoci da na kwamfutar daga wuri ɗaya a cikin siton, domin duk lissafin «tun yaushe» a kansa yake.

In motarka ba ta jin VDA 5050, nemi hanyar da manhajar kamfanin ke bayar da bayanai, ka rubuta ɗan shirin da zai mayar da su siga ɗaya. Kada allonka ya san kamfanin mota. Ranar da aka sayo wata iri daban, ɗan shirin kawai za a ƙara.

3. Taƙaita yanayin mota zuwa bakwai

Mota na iya turo lambobi ɗari, amma mai kula ba ya buƙatar fiye da waɗannan: ba a jin ta, ta lalace ko an danna gaggawa, tana hannun mutum, an tare ta, tana caji, tana aiki, tana jiran aiki. Jerin nan shi ne kuma tsarin fifiko. In biyu suka haɗu, na sama ne ke fitowa. Motar da ke caji amma haɗinta ya yanke, «ba a jin ta» za a rubuta, domin ba ka da tabbacin har yanzu cajin take.

Ka zauna da makaniki ku bi jerin lambobin matsala ɗaya bayan ɗaya, kowace ku sa ta ƙarƙashin ɗaya daga cikin bakwai ɗin, ku rubuta mata jimla guda ta abin da za a yi. Aiki ne mai gundura, yakan ci yini, amma rabin amfanin allon daga nan yake fitowa.

4. Zana shafin farko a takarda

Raba takardar gida uku. A sama, siririn layi mai adadi kawai: motoci nawa ke aiki, nawa ke neman mutum, ayyuka nawa ke jira, da inda wuta ke fitowa yanzu, layin gari ne, janareta ko sola. Kashi biyu cikin uku na faɗin da ya rage na taswira ne. Ragowar, a dama, na jerin motoci ne, wadda ta fi neman mutum a sama.

Katin kowace mota ya ɗauki abu biyar: lamba, yanayi, tsawon lokacin da ta yi a yanayin, batir, da inda za ta. Zafin injin, ƙarfin waifai da tarihin matsala su koma shafi na biyu, wanda ke buɗewa in an taɓa katin. Kuskuren masu farawa shi ne cika shafin farko da zane-zanen yawan falet na wata. Wannan na manaja ne, a yi masa shafinsa daban.

Da motoci shida, ka bar katuna a jere da lambarsu, sai dai wadda ke da matsala ta hau sama. In katuna suna ta musayar wuri duk daƙiƙa, yatsa zai sauka a kan motar da ba ita ake nufi ba.

5. Gina taswira

Ka juya taswirar ta dace da yadda mai kula ke kallon siton daga inda yake zama. In ƙofar lodi tana hagunsa, ta kasance a hagun allo, ko da arewa ta koma ƙasa. Ka zana bango, ginshiƙai, layukan kaya, ƙofofi, wurin caji da hanyar mutane da siraran layuka masu ruwan toka. Kada ka yi zane mai tudu da inuwa kamar wasan kwamfuta, tarin buhu zai ɓoye motar da ke bayansa.

A nan akwai tarko biyu da kusan kowa ke faɗawa. Mota tana ƙirga wuri da mita, kuma lambar tsaye tana ƙaruwa ne in an yi sama, a allon kwamfuta kuwa tana ƙaruwa ne in an yi ƙasa. In ba ka juya ta ba, taswirar za ta fito kamar a madubi, motar da ke ƙofar gabas ta bayyana a wani gefen. Na biyu, inda motar ta fuskanta yana zuwa da radiyan, wani ma'aunin kusurwa, ba digiri ba. Gwajin mai sauƙi ne: kai mota kusurwa uku na siton da hannu, a kowace ka duba ko hotonta ya zauna daidai, kibiyarta na kallon inda gabanta yake.

Hoton mota ya zama da girmanta na gaskiya a sikelin taswira, har da falet ɗin da ta ɗauka, wanda yawanci santimita 120 ne da 100 ko 120 da 80. Ta haka mai kula zai gane ko biyu za su iya gilma juna a lungu. Lambarta ta fito babba a kai, kuma lambar nan a rubuta ta da fenti a jikin motar ta kowane gefe huɗu. Hanyar da za ta bi a nuna mita goma na gaba kawai, sai in an taɓa ta a nuna duka. In motar AMR ce kuma tana turo makin tabbacin wurinta, ka zana da'ira kewaye da ita in makin ya yi ƙasa, alamar tana dab da ɓata.

6. Launi da rubutu

Ƙa'idar ISA-101 ta allunan masana'antu ta ginu a kan tunani ɗaya: abin da ke tafiya daidai ya zama ba shi da launi, a ajiye launi don abin da ya kauce. Saboda haka bango ruwan toka mai haske, motar da ke aiki lafiya ruwan toka mai duhu. Ja na abin da ke buƙatar a tashi yanzu ne, ruwan ɗorawa na abin da zai iya jiran minti kaɗan, shuɗi na motar da ke hannun mutum. Masu kaya za su ce a sa kore ya yi kyau. Ka nuna musu allo mai koren motoci biyar da ja ɗaya, da wani mai toka biyar da ja ɗaya, daga nisan mita uku. Gani ya kori ji.

Kada launi ya tsaya shi kaɗai. Akwai mazan da ba sa bambance ja da kore, kuma hasken rana daga ƙofar lodi yana wanke launi. Kowane mataki ya samu siffa: alwatika ga ja, murabba'i ga ruwan ɗorawa, da'ira ga shuɗi. Wannan yana taimakon ma'aikacin da ya fi sabawa da ajami a kan boko, domin lamba da siffa kowa na karanta su.

Tsawon harafi ya kai nisan mai kallo raba 200. Allon bango da ake kallo daga mita uku yana son harafi mai milimita 15, daga mita shida milimita 30. Da ruler za ka auna a jikin allon, kada ka yarda da lambar da manhaja ta nuna. Bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 zuwa 1. Sau da yawa jimlar Hausa takan fi ta Turanci tsawo, don haka ka gwada kowane akwati da jimlar da ta fi kowace tsawo, ka kuma duba ƙ da ɗ ba su koma akwatin banza ba.

7. Tsara gargaɗi

Nan ne alluna da yawa ke mutuwa. In ƙararrawa na kaɗawa duk lokacin da ɗan dako ya gilma gaban mota, kafin sati ya ƙare wani zai zare wayar lasifikar. Ma'aunin da masana'antu ke bi a EEMUA 191 da ISA-18.2 shi ne mutum ɗaya yana iya ɗaukar kimanin gargaɗi ɗaya a minti goma, fiye da goma a minti goma kuwa ambaliya ce. Rabon da ake so shi ne kusan kashi 80 cikin 100 ƙanana, 15 matsakaita, 5 manya.

Dokar farko: abin da ba mutumin da zai yi wani abu a kansa ba gargaɗi ba ne, a rubuta shi a rajista kawai. Ta biyu, ka sa jinkiri. Motar da aka tare ta yi daƙiƙa 60 ba tare da allo ya ce komai ba in ban da canjin yanayi a katinta. A daƙiƙa 60 ta zama ruwan ɗorawa. A minti uku, ko kuma da zarar ta tsayar da wasu biyu a bayanta, ta zama ja da ƙara. Waɗannan lambobin farawa ne, za ka gyara su bayan ka ga siton. Ta uku, ka haɗa gargaɗin da tushensu ɗaya. In Mota 4 ta tsaya a lungu, 2 da 5 suna jiranta, gargaɗi ɗaya ne, na Mota 4, sauran a rubuta musu «tana jiran Mota 4». In cajar ta mutu saboda an ɗauke wuta, cajar ce ke da gargaɗi.

Rubutun ya ƙunshi mota, wuri, dalili da mataki, a wannan jerin: «Mota 4, layin riɗi na 2. An tare ta minti 3. Je ka duba hanya.» Lambar kamfani ta zauna a ƙasa da ƙaramin rubutu, don makaniki ya karanta wa kamfanin a waya. Maɓallin «Na gani» yana kashe ƙara ne kawai, jan yana nan har matsalar ta gushe. In akwai gargaɗin da aka san dalilinsa ana jiran kayan gyara, a bar mai kula ya ajiye shi na awa huɗu ko takwas, ya dawo da kansa bayan lokacin. Kada a yi maɓallin ajiyewa har abada.

Batir ma haka: ruwan ɗorawa a kashi 30, ja a kashi 15, sai in kamfanin ya ba da wasu lambobi. Siton da injin shara da janareta ke ruri ba a jin lasifika sosai, shi ya sa fitila mai hawa uku take da amfani. A kafa ta inda ake hango ta daga ƙofofin lodi biyu.

8. Nuna bayanin da ya tsufa

In za ka tsallake wani mataki, kada ya zama wannan. Motar da ke gudun mita ɗaya da rabi a daƙiƙa, in allo ya yi daƙiƙa goma bai ji ta ba, tana iya yin nisan mita 15 daga inda hotonta yake. Allon da ya ci gaba da nuna ta garau a tsohon wuri ƙarya yake yi, kuma mutum zai shiga lungu bisa wannan ƙaryar.

Ka yi haka. In saƙon wuri na zuwa duk daƙiƙa, bayan daƙiƙa biyar na shiru hoton motar ya dusashe, gefensa ya zama ɗigo-ɗigo, a rubuta «daƙiƙa 5 da suka wuce», lambar tana ƙaruwa. In saƙon yanayi ya wuce daƙiƙa 45 bai zo ba, ko Mosquitto ya sanar haɗin ya yanke, yanayi ya koma «ba a jin ta». Kada ka jira sanarwar Mosquitto kaɗai, domin sai lokacin bugun gaisuwa, wato ɗan saƙon da mota ke turowa don a san tana kan layi, ya wuce sau ɗaya da rabi yake yanke hukunci. Kuma kada ka sa hoton ya ci gaba da tafiya bisa hasashe don ya yi santsi a ido.

Shi kansa allon yana iya sandarewa. Ka sa agogo mai ƙirga daƙiƙa a kusurwa, wanda ke karɓar lokaci daga kwamfutar siton. In ya tsaya, kowa ya san allon ne ya mutu. In allon ya rasa kwamfutar gaba ɗaya, faffaɗan layi ya rufe saman taswira da rubutu: «Bayanan nan ba na yanzu ba ne.»

Duk inda haɗin mota ya yanke, ka ajiye wurin a rajista, ka zana su a shafin makaniki. Za ka ga suna taruwa a wasu lunguna. Tarin hatsi yana shanye waifai, don haka siton da ke da sabis ko'ina da damina, lokacin da yake fayau, yana iya samun ramuka bayan kaka in buhu ya kai rufi. Inda ƙarfin waifai ya gaza -67 dBm a ma'aunin ƙarfin sabis, a ƙara akwatin waifai ko a sauya masa wuri. Kuma komai ya yi aiki a cikin siton ba tare da intanet ba. Intanet na aika rahoto ga mai kaya a Kano ne kawai.

9. Maɓallan umarni

Ka fara da kaɗan: dakata, ci gaba, soke aiki, tafi caji, rufe yanki. Kowane maɓalli a kwamfutar hannu ya kai milimita 12 zuwa 15, da tazara a tsakani, saboda yatsa mai ƙura ko safar hannu. Abin da ba a iya dawo da shi, kamar soke aikin motar da ke ɗauke da kaya, ya nemi tabbaci da cikakkiyar jimla: «A soke aikin Mota 3? Tana ɗauke da falet.» Dakatarwa kuwa ba ta son tambaya, taɓawa ɗaya.

Bayan an danna, kada allo ya nuna an yi sai motar ta faɗa da bakinta. Ka nuna «an tura», sannan «tana yi», sannan «ta gama» ko «ta kasa». In daƙiƙa biyar ta wuce ba amsa, a faɗa.

Gargaɗi mai girma: maɓallin allo ba tsayawar gaggawa ba ne. Saƙonsa ta waifai yake bi, waifai kuma na yankewa. Tsayawar gaggawa ita ce jan maɓallin nan mai bangon ruwan ɗorawa da ke jikin mota, da na'urar lesa mai tsayar da ita in mutum ya shiga gabanta, waɗanda ƙa'idar ISO 3691-4 ta yi magana a kansu. Saboda haka kada ka zana na allo ja a kan ruwan ɗorawa, kada ka kira shi gaggawa. Sunansa «Dakatar da duka». Motar da aka danna wa gaggawa a jikinta, allo ba zai tashe ta ba, sai mutum ya je ya ga dalili. Wataƙila akwai wanda ke durƙushe a gabanta.

Rufe yanki yana da muhimmanci a siton hatsi. In an lulluɓe tari da tamfol an sa ƙwayar fosfin don kashe ƙwari, ba mutum ba mota a wajen: hayaƙin yana kisa, yana kuma cin tagullar da ke cikin na'urori. Yankin da aka rufe ya fito da layukan karkace a taswira, da dalili, da sunan wanda ya rufe, da ranar. Kada ya buɗe kansa da agogo. Wanda ke da izini ne zai buɗe. Izinin ya kasu uku, mai kula, makaniki da manaja, kowa da lambar sirrinsa mai ɗan gajarta, kuma kallon allo ba ya buƙatar lamba, umarni ne ke buƙata.

10. Ƙura da zafi

Na'urorin lesa na tsaro suna faɗa in gilashinsu ya fara datti, kafin su kai ga tsayar da mota. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da kuma duk ranar da ake sharar riɗi, wannan saƙon zai yi yawa. Ka mayar da shi jerin aikin safe: «Motocin da za a goge wa ido: 1, 4, 6.» Da laushin ƙyalle ake gogewa, busasshen tsumma mai yashi yana karce gilashin.

Da bazara, ƙarƙashin rufin kwano yana wuce zafin waje, kuma yawancin batiran lithiyam ba a cajinsu in sun haura digiri 45. In motar na turo zafin batir, ka nuna shi a katinta lokacin caji, don «tana wajen caji amma ta yi zafi» daban yake da «caja ta lalace».

11. Gwaji

Gwajin farko da takarda ne. Ka nuna wa mai kula zanen na daƙiƙa biyar, ka kife, ka tambaye shi wace mota ce ke da matsala da inda take. Ka yi da mutum biyar, har da mai aikin dare. In biyu sun kasa, zanen ne da laifi. Kada ka yi musu bayani, ka koma ka gyara.

Sai ka kunna fayil ɗin da ka naɗa a mataki na 2, ka cusa masa matsaloli da gangan: mota ta tsaya a lungu, uku su yi ƙasa da batir lokaci ɗaya, saƙo ya zo babu wuri a cikinsa. Daga nan a tafi siton. Zare wayar akwatin waifai ɗaya, ka ƙirga daƙiƙa nawa allo ya yi kafin ya faɗa. Kashe wutar gari ka ga ko kwamfutar ta tsallake canjin zuwa janareta. Kashe ta gaba ɗaya ka kunna, allon ya dawo shafin farko da kansa ba tare da neman kalmar sirri ba. Ɗauki hoton allon ka mayar da shi baƙi da fari, ka ga ko ana gane matakan gargaɗi. Kai kwamfutar hannu bakin ƙofa da tsakar rana.

12. Watan farko

Ka ƙara ɗan shafin miƙa aiki: motocin da ba sa aiki da dalili, yankunan da ke rufe, gargaɗin da aka ajiye, da wurin rubuta layi biyu. Mai karɓar aiki ya taɓa «Na karɓa». Ka kuma buga taswirar a babbar takarda da sunayen wurare, a manna kusa da tebur tare da matakan da za a bi in allo ya mutu: a hana shiga lunguna, a tsayar da motoci daga jikinsu, a kira makaniki.

Duk ƙarshen mako ka fitar da gargaɗi goma da suka fi yawa, ku zauna da mai kula da makaniki. Yawanci biyu ko uku ne ke cinye mafi yawan adadin. Kowanne ku tambaya: an tashi an yi wani abu a kansa? In a'a, a ƙara masa jinkiri ko a mayar da shi rajista. In wuri ɗaya ne ke ta kawo «an tare ta», ku je ku duba wurin, sau da yawa za ku tarar nan ake ajiye tsintsiya da buhunan banza, fentin layi a ƙasa ya isa ya magance shi. Lambobin jinkiri da kuka canza ku rubuta su da kwanan wata, sannan ku sake wannan zaman bayan kaka, lokacin da siton ya cika.